Kaka Biyu, Zamani Biyu: Waiwaye Daga Gwagwalada

Duk wanda ya zauna a Gwagwalada ya san garin da sammako. Ana sallame sallar asuba za ka ga jama'a sun yi cirko-cirko a bakin babbar hanyar Lakwaja zuwa Abuja, kowa da jakarsa da kular abincinsa, ana jiran motar da za ta karya ta Giri ta hau titin filin jirgin sama, ko wadda za ta miƙe Zuba ta bi ta Kubwa. Ma'aikatan gwamnati ne da malaman jinya da direbobi da masu gadi da 'yan kasuwa. Tafiyar kimanin kilomita 50 ce zuwa tsakiyar birni, kuma akasarinsu ba za su sake taka ƙofar gida ba sai bayan magariba, wasu ma sai an yi isha'i. Da yawansu iyaye ne masu ƙananan yara. A gidaje da dama na Kutunku da Dagiri da Unguwar Dodo, idan ka tambayi inda aka bar yaran, amsar ɗaya ce: suna wajen kaka.

Kakanni biyu na sani ciki da bai. Ta farko ita ce wadda ta haifi mahaifina, ita ta riƙe ni a cikin birnin Zariya tun daga yaye har na shiga aji uku na firamare. Ta biyu mahaifiyata ce, wadda muke kira Umma, jikokinta kuma suke kira Hajiya, gidanta yana nan Gwagwalada. Tsakanin tsufan waccan da tsufan wannan bai wuce shekara 40 ba, amma idan na jera rayuwarsu sai in ga an sauya wa kaka aiki ɗungurungum ba tare da an zauna an yi shawara da ita ba. Waccan an ɗauke mata wahala saboda ta tsufa. Wannan kuwa tsufan ne ya sa aka ga tana gida, aka tattaro ɗawainiyar kowa aka aza mata.

Iya muke ce wa kakata ta Zariya. Gidanmu babban gida ne na ƙasa, sai ka ratsa zaure biyu kafin ka kai tsakar gida, a ciki kuma kowane ɗa da sashensa. Surukanta suna karɓa-karɓar girki, 'yan mata suna daka da tankaɗe, samari suna jan ruwa a rijiya da faskaren itace. Ban taɓa ganin Iya a gindin murhu tana tuƙa tuwo ba. Ana sauke tukunya, ita ake fara kwashe wa malmala a akushi a kai mata har ɗaki. Sana'arta ta hannu kaɗi ce, tana zaune a kan tabarma tana murza mazari da alli a yatsunta, sai daddawar da takan yi yara su kai talla. Babban aikinta kuwa na ido ne da na baki. Ita ke gane surukar da ke da ƙaramin ciki tun kafin mai shi ta faɗa, ita ke raba gardamar faccaloli, ita ke jiƙa saiwa idan yaro ya kwana da zazzaɓi. Ɗakinta mafaka ne: duk yaron da ya tsokano bulala, in dai ya kai bakin ƙofarta ya tsira. Da dare a kunna fitilar ƙwai, mu kewaye ta, Gizo da Ƙoƙi su raka mu har barci.

Ni 'yar fari ce, a wancan lokaci kuwa kunya ba ta barin uwa ta kira sunan ɗanta na fari, balle ta nuna masa kulawa a gaban mutane. Da aka zo yaye sai aka kai ni wurin Iya, daga nan zama ya miƙe. Kishiya take ce min, ta ce na zo ƙwace mata miji, ni kuma in murguɗa baki in ce ta tsufa. Amma riƙon jika na wancan zamani ba wahala ba ce aka ba tsohuwa. An ba ta ne don ta samu mai ɗebe mata kewa, mai miƙo mata buta, mai zuwa mata aike. Wankana da wankina da kitsona da abincina duk suna hannun wasu matan gidan. Hannaye sun yi yawa, don haka nauyin bai danne kowa ba.

Ina ɗakin Iya ana can ana share dajin da zai zama sabon babban birnin ƙasa. Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ce ta kafa dokar Birnin Tarayya ranar 3 ga Fabrairun 1976, kwana goma kafin a kashe shi. Yankin ba baƙo ba ne ga Zazzagawa, domin a Zuba Sarkin Zazzau Makau ya sauka bayan ya bar Zariya a zamanin jihadi, ƙaninsa Abu Ja kuma ya kafa garin Abuja a 1828, garin da yau ake kira Suleja. Lokacin da aka kafa dokar, Gwagwalada ƙaramin gari ne na manoman doya da dawa a gaɓar kogin Usuma, Gbagyi da Bassa, ga Hausawa 'yan kasuwa da Fulani makiyaya. A 1984 ta zama hedkwatar ƙaramar hukuma. A 1988 aka kafa Jami'ar Abuja, ta fara karatu a 1990 a ƙaramin mazauninta da ke cikin garin. Ranar 12 ga Disamban 1991 Janar Ibrahim Babangida ya tare a Abuja, gwamnati ta bar Legas. A farkon shekarun 1990 ɗin ne aka buɗe asibitin ƙwararru, wanda ya zama asibitin koyarwa na jami'ar a 2006. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya jawo dubban iyalai daga kowace kusurwa ta Najeriya, kusan dukansu kuma miji da mata ne da 'ya'yansu kawai, an baro tsofaffi a gida.

Mu ma haka muka zo. A ƙarshen shekarun 1980 aka yi wa mahaifina canjin wurin aiki daga Kaduna, ya kwaso iyalinsa, ni ma aka je aka karɓo ni daga hannun Iya ana koke-koke. Abin da ya fara tarbar Umma zafi ne. Gwagwalada a kwari take, zafinta na bazara kuwa duk Abuja an shaida shi. A watan Maris da Afrilu a tsakar gida muke kwana, sai an yayyafa wa tabarma ruwa. Ciki da falo muka samu. Ruwan famfo sai jefi-jefi. Ta sayi randa biyu a hannun matan da ke kawo tukwane daga wajen Kwali, garin Ladi Kwali wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, randunan nan su suka zama firjinmu na shekaru. Itace kuma matan Gbagyi ke kawowa da sassafe, a kafaɗa suke ɗaukar kaya ba a ka ba, abin da ya daɗe yana ba Umma mamaki.

Abin da ya fi zafin gari nauyi shi ne rashin dangi. Macen da ta tashi a gidan da ake kwashe tuwon mutum talatin ta wayi gari daga ita sai 'ya'yanta, miji ya fita tun asuba. Da ta haifi ƙanina na biyar, maƙwabciyarmu Bayarabiya 'yar Ilori ce ta dafa mata ruwan wanka, wata 'yar Igala kuma ta riƙa kai mu makaranta. A wurinsu ta koyi kirɓa sakwara da miyar agushi, su kuma suka koyi masa da dambu. Idan kewar gida ta ishe ta, sai ta sa kaset a rediyo ta ɗauki muryarta tana gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, a kai tasha a ba direban Zariya, bayan mako biyu ko uku amsa ta dawo da muryar Iya a ciki. Kafin wayar salula ta iso a 2001, Iya ta riga mu gidan gaskiya. Haka Umma ta reni 'ya'ya bakwai, ba uwa kusa, ba suruka kusa. Kowa zai zaci idan sun girma za ta yi irin hutun da Iya ta yi.

Ba haka aka yi ba, dalilin kuma yana cikin yadda Abuja ta girma. Mahaifinmu ya sayi fili ya riƙa gini kaɗan-kaɗan, yau bulo gobe kwano, har muka tare. Ya yi ritaya, bayan 'yan shekaru Allah ya yi masa rasuwa. Tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Birnin Tarayya, aka yi rusau a unguwanni da dama, aka kuma hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006. Waɗanda abin ya shafa suka fantsamo Gwagwalada da Kuje da Zuba da Suleja da Mararraba. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum sama da dubu 150 a ƙaramar hukumar, wanda kuwa ya ga yadda gine-gine suka cinye gonaki ta wajen Dukpa da Paiko ya san an wuce nan nesa ba kusa ba. Kuɗin haya a cikin birni ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, saboda haka da muka yi aure yawancinmu kusa da gida muka zauna. Albashi ɗaya ba ya riƙe gida, dole miji ya fita mata ta fita. Gidan reno kuɗi ne, 'yar aiki kuma ba kowace ake sakin jiki a bar wa jariri ba. Sai ido ya koma kan Hajiya.

Ban da jikoki, gidan ya zama masaukin dangi kaf. Wanda aka turo asibitin koyarwa daga ƙauye nan zai sauka, shi da mai jinyarsa. Ɗalibin da bai samu ɗakin kwana a jami'a ba nan zai ajiye akwatinsa. Mai neman aiki, da mai bin haƙƙin fansho, da mai jiran jirgin Umara, duk nan. A shekarun baya-bayan nan kuma an samu ƙarin wasu baƙin, 'yan uwan da 'yan bindiga suka raba da garuruwansu, waɗanda ba su san ranar komawa ba. Ban taɓa jin Umma ta tambayi baƙo yaushe zai tafi ba.

Ga yadda Litinin take a gidan. Ƙarfe biyar da rabi ana ƙwanƙwasa ƙofa, a miƙo mata jariri a naɗe cikin shawul, wasu biyu suna biye suna gyangyaɗi. Ta riga ta yi sallah, ruwan koko yana kan wuta. Ta kwantar da ƙaramin, ta tashi waɗanda suka kwana a gidan, a shiga neman safar da ta ɓata da takalmin da aka bari a waje raɓa ta jiƙa. Wannan ba ya shan koko sai shayi, wancan sai yanzu ya tuna an ce a zo da kuɗin jarrabawa, waccan ta ɓoye takardar da malama ta bayar tun ranar Juma'a. Bakwai da kwata mai Keke Napep ya danna hon, a fita a guje, sai ta ga kwandon abincin ɗaya a bayan ƙofa, ta yafa mayafi ta bi su da shi har bakin layi. Tana dawowa ga mai ruwa da kurarsa ana cinikin jarka. In an kawo wuta kuwa gidan ya ɗauki harama: a jona waya, a yi guga, a cika firji da zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, domin su ne jarinta, da su take zubin adashi. In wutar ta yi kwana biyu ba ta dawo ba, kunun ya yi tsami, uwar kuɗi da riba su tafi tare. Duk wannan da goyo a bayanta, tana da shekara kusan 70.

Ƙarfe biyu 'yan makaranta su dawo da yunwa da ƙara. A ci abinci, a yi wanka, a sa hijabi da hula, ƙarfe huɗu a tafi Islamiyya. Babban jikanta namiji sunan marigayi mijinta aka sa masa, don haka ba ta kama sunansa. Yana shigowa za ta tare shi: "Maigida, ina cefanen yau? Ko sai na kai ka gaban alƙali?" In ya amsa mata da Turanci sai ta riƙe kwanon abincinsa ta ce, "Ni ban ji ba, Maigida. Faɗa min da Hausa." Sai ya yi dariya ya sake. Abin kamar wasa, amma a garin da yara ke wasan ƙwallo da Turanci da buroka, ɗakin kaka ne wurin da ya rage da yaro zai ji Hausa tsantsa, ya koyi durƙusawa in zai gaida babba, ya san bambancin goggo da inna, kawu da baffa. Aikin gida na makarantar boko ba ta iya karanta shi, karatunta na allo ne da 'yar Hausar boko ta ajin yaƙi da jahilci. Duk da haka sai ta jera su a tabarma bayan magariba, ta buɗe littafin kowa tana duba inda jan biro ya yi yawa. Wanda ta gani ta aika shi wurin ɗalibin jami'ar da ke ɗakin waje, ta ce ladan tuwonsa ke nan.

Inda zamanin biyu suka fi yin karo shi ne ɗakin mai jego. Umma ta gaji tsarin Iya kaf: wankan tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya safe da yamma har kwana 40, kunun kanwa, gashin cibiya, ɗura wa jariri ruwa, a kira wanzami ya cire belu. Malaman asibiti kuma a wurin awo suna cewa nono zalla har wata shida, ko ruwa kada a ba shi, cibiya a shafa mata maganin da aka bayar kawai. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da alaƙa tsakanin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da yawan shan kanwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Da ƙanwata ta haihu ta faɗa mata maganar ruwa, Umma ta riƙe haɓa ta ce, "A wannan zafin na Gwagwalada za a hana ɗan mutum ruwa? Ku ji tsoron Allah." Ba ta tsaya a faɗa ba. Ranar rigakafi ta ɗauki jaririn da kanta ta bi su asibiti, ta zauna gaban malamar jinya ta yi ta jero tambayoyi, har aka fahimtar da ita cewa nonon uwa akasarinsa ruwa ne, kuma ruwan da ba shi da tsabta shi ke kawo gudawa.

Da ta dawo sai ta tankaɗe al'adar kamar yadda take tankaɗe gari, ta riƙe mai laushi ta ware tsaki. Ruwan wanka ya koma mai ɗumi, kanwa ta koma 'yar ƙanƙanuwa don ɗanɗano, wanzami ya tsaya a aski. Amma gasasshen nama da yaji da farfesu suna nan, hutun kwana 40 kuma ba ta yarda a taɓa shi ba: mai jego a gidanta ba ta ɗaukar tsintsiya, ba ta shiga madafa. Yau ita ke jan kunnen maƙwabta a kan cibiyar jariri, katunan rigakafin jikokinta kuma suna cikin wata tsohuwar langa ta kayan aurenta, ta san ranar komawar kowa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Mutum ya kai shekarunta, ya saurari 'yar cikinsa a kan abin da ya gada kaka da kakanni, ya bar na bari ya riƙe na riƙewa, sai mai zurfin hankali.

'Yan shekarun nan sun gwada gidajen irin nata matuƙa. Ranar 30 ga Maris 2020 aka rufe Abuja saboda korona, asibitin koyarwa na Gwagwalada yana cikin wuraren killace masu cutar, aka ce tsofaffi sun fi shiga haɗari, sai muka janye yara daga gidanta. Ta ce shirun da gidan ya yi ya fi mata aikin ciwo. A farkon 2023 canjin kuɗi ya zo, takardar naira ta yi ɓatan dabo, ta koyi turawa ta waya da bin layin mai POS don ta sayi kayan miya. Ranar 29 ga Mayun shekarar aka cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin mota ya ninka ya sake ninkawa, har ma'aikata da dama suka daina dawowa kullum, su tafi Litinin su raɓe wurin aboki ko ɗan uwa a cikin birni sai Juma'a. Yaran da a da ake ɗauka da dare suka koma kwana wurin kaka mako guda cur. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira dubu 70 a Yulin 2024, amma mudu ya riga ya yi gaba. A 2025 malaman firamare na ƙananan hukumomin Abuja shida suka yi yajin aiki na sama da wata uku a kan wannan albashin, yaran makarantun gwamnati suka wuni a gida. Duk wata girgiza da ta taso daga sama, a tsakar gidan kaka take sauka.

Na ga yadda take yi. Tukunyar gas ta koma kusurwa, kurfoti da gawayi suka dawo. Nama ya ja baya, awara da busasshen kifi suka matso. Ta raba wa yara, ta zuba wa baƙi, ta ajiye na waɗanda ke hanya, sannan ta kankare abin da ya rage ta ce ai ita ba ta jin yunwa. A nan ne bambancin ya fi sosa min rai. Iya ita ake fara zuba wa. Umma ita ke ci a ƙarshe.

Ba zan ce rayuwarta wahala ce zalla ba, ita ma ba za ta yarda a faɗi haka ba. Ranar sallah gidan ba masaka tsinke, jikoki sun yi layi da sababbin kaya tana raba musu barka da sallah daga ƙullin bakin zaninta. Ranar da jikarta ta sauke Alƙur'ani ta yi kuka ta yi guɗa a lokaci guda. Ta ga abin da Iya ba ta gani ba: ta sauke farali, tana ganin fuskar jikokinta da ke Ingila a waya tana yi musu wasa, tana aika saƙon murya ta WhatsApp har Zariya a amsa mata nan take. Da dare ita da yaran suna kallon Daɗin Kowa a tashar Arewa24, in wuta ta ɗauke kuma su matso jikinta a koma tatsuniya. Kuɗinta na zoɓo nata ne, ba ta jiran kowa kafin ta kai gudummawar biki. Tana da faɗa a ji a unguwa, Musulmi da Kirista suna kawo mata ƙarar 'ya'yansu. Tana son jikokinta so na haƙiƙa, suna sonta. Sai dai son da take yi musu bai rage nauyin goyon ba, bai kuma warkar da gwiwa ba.

Akwai kuma kakar da muka tarar a garin, wadda ake yawan mantawa da ita. Tsohuwar Gbagyi da ke kawo wa Umma itace a da, ita ma yau tana da jikoki. Gonar da take nomawa an yanka ta filaye, dajin da take sarar itace ya zama rukunin gidaje, sai ta yi tafiya mai nisa kafin ta kai inda za ta shuka doya. Mu canjin ya raba mu da danginmu, ita ya raba ta da ƙasar nomanta tana zaune a garinsu. Har yanzu takan leƙo gidan Umma da ƙullin gyaɗa ko 'yan doya, su zauna su gaisa da Hausa, kowace tana lissafa wa 'yar uwarta jikoki da ciwon ƙafa.

Ciwon kuwa gaskiya ne. Hawan jini, ciwon suga, sanyin ƙashi, raunin ido, su ne abokan tafiyar matan nan, kuma mafi yawansu ba su taɓa aikin albashi ba balle fansho. Inshorar lafiya ta ma'aikatan gwamnati ta ƙunshi ma'aikaci da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Uwar da ke renon 'ya'yan ba ta ciki sai an biya mata daban. Ba mu kaɗai ke cikin wannan hali ba. A ƙasar Sin miliyoyin yara suna ƙauyuka a hannun kakanni, iyayensu suna masana'antun birane. A kudancin Afirka kakanni ne suka reni marayun da cutar ƙanjamau ta bari, Afirka ta Kudu kuma tana biyan tsofaffi marasa ƙarfi 'yan shekara 60 zuwa sama kuɗi duk wata, kuɗin da ke ciyar da gidaje da yawa. Najeriya ta yi dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2017, abin fata shi ne aikinta ya iso lungunan Kutunku da Dagiri. Ma'aikatu da kamfanonin da ke cin moriyar sammakon iyaye su ma ya kamata su tanadi ɗakunan reno a wuraren aiki.

Amma kafin hukuma, mu ne. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gidan Iya kuwa ya tsaya ne saboda hannaye da yawa. Ba za mu iya dawo da gidan gandu a Gwagwalada ba, amma za mu iya dawo da hannayen. A tambayi tsohuwa kafin a ajiye mata yaro, a ba ta damar ta ce yau ba ta iyawa ba tare da an ɓata rai ba. A ware mata kuɗinta na kanta duk wata, daban da na cefane, domin na cefane a cikin jikoki yake ƙarewa. A haɗa kuɗi a ɗaukar mata mai taimako. Asabar da Lahadi kowa ya kwashi nasa, ta samu ta je ta'aziyya da biki da makarantar matan aure, ko ta yi barcin rana. A riƙa kai ta awon jini da suga tun kafin ta kwanta. 'Ya'ya maza su sani cewa wannan ba maganar mata ba ce kawai, umarnin kyautata wa iyaye idan tsufa ya riske su bai ware kowa ba. Yara kuma a koya musu cewa Hajiya ba mai aiki ba ce: su ɗauke kwanonsu, su share mata ɗaki, su fara miƙa mata abinci kafin su sa hannu.

Mu da muke bin hanyar birni yau, nan da 'yan shekaru mu ne kakanni, 'ya'yanmu kuma suna kallon yadda muke yi da tamu uwar, a nan za su ɗauki darasi. Matan da suka baro garuruwansu suka reni 'ya'ya a baƙon wuri ba mataimaki, suka dawo suna renon jikoki don birnin nan ya samu ma'aikata, sun cancanci hutu da kulawa tun suna iya jin daɗinsu, ba sai ranar da za a taru ana yabon halinsu ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara wa na raye lafiya, mu kuma ya ba mu ikon sauke nauyinsu da ke kanmu.